Ɗanlahadi Mai Rediyo da Akwatunan Sito

Duk wanda ya saba cin kasuwar Yankara ya san rumfar Ɗanlahadi mai rediyo, ko da bai taɓa kai masa gyara ba. Tana gefen layin masu sayar da buhunan wofi, kwanon rufi uku ne da benci ɗaya, sai tebur da ya sha ƙunar dalma har ya yi baƙi. Mai rumfar dogo ne siriri, ya ba hamsin baya da shekara bakwai ko takwas, gilashinsa ɗaure da zaren roba. Ba shi da yawan magana. In ka kawo masa kaya sai ya juya shi, ya shinshina, ya kara a kunne, kafin ya ce maka komai.

Asalinsa ba ɗan Yankara ba ne. An haife shi a wata 'yar unguwa cikin dajin Sabuwa. Ubansa ya rayu a kan al'adar kakanninsa har ya manyanta, sannan ya shiga coci da iyalinsa, ƙannen uban biyu kuma suka musulunta. Haka Ɗanlahadi ya tashi da dangi ta kowane ɓangare, ya ci naman layya a gidan baffa, su kuma 'yan gidan baffa su zo cin shinkafar Kirsimeti. Noma bai taɓa kwanta masa a rai ba. Da uban ya gaji da ganin kunya a karkace, sai ya sa aka kai shi Funtuwa wurin wani Malam Badamasi mai gyaran rediyo. Shekara bakwai ya yi a can. Ya dawo da akwatin kayan aiki da wata tsohuwar mitar awon wuta mai allura, wadda maigidan nasa ya ba shi kyautar sallama. Ya auri Larai, suka haifi 'ya'ya huɗu, ya riƙa bin kasuwannin ƙauye a kan keke, daga baya a kan babur. Zamani ya sauya daga rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa waya da fitilar sola, shi kuma yana biye, duk abin da ya fito sai ya buɗe cikinsa ya koya.

Shekarar da 'yan bindiga suka kore shanun unguwarsu karo na biyu, ya kwashi Larai da 'yar autarsu Blessing suka dawo Yankara, inda ƙanwarsa take aure. Can ɗin ma ba a rasa fargaba ba, amma dai akwai jama'a, akwai kasuwa.

Da kakar shekara ta 2023 wata ƙungiyar manoma ta gina ƙananan sito-sito a ƙauyuka goma sha ɗaya, wasu a ƙasar Faskari, wasu wajen Sabuwa, biyu kusa da Yargoje a ƙasar Ƙanƙara. Manoma su tara masara da waken suya a ciki, a ajiye har damina lokacin da abinci ke wuya, a ware iri kuma. Matsalar ita ce ba wanda ke iya zagayawa yana duba su, hanyoyin ba kyau, kuma ba kullum ake bin su a dawo ba. Sai wasu masu tallafi suka turo wata injiniya mai suna Khairiyya, 'yar Faskari ce da ta yi karatu a Zariya, ta zo da kwalaye cike da wasu ƙananan akwatuna kamar sabulun wanki. Kowane sito za a cusa guda shida a tsakanin buhuna, suna auna zafi da danshi. Na bakwai a maƙala shi ƙarƙashin rufi da 'yar eriyarsa, shi ne zai karɓi labarin sauran ya miƙa wa na ƙauyen gaba, shi ma ya miƙa gaba, har ya isa garin da ke da sabis. Daga nan saƙo ya shiga waya. An so a ɗora musu farantin sola, mutanen ƙauyuka suka ƙi, suka ce duk abin da ke ƙyalli a kan rufi kiran baƙi ne. Dole aka koma ga batir.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Sanusi, shi ya kawo Khairiyya rumfar Ɗanlahadi. Ana neman wanda zai riƙa canja batir, ya san hanya, kuma ba ƙauyen da zai shiga a tambaye shi ɗan gidan wa. Ta ce masa sau biyu ne kawai a shekara, batir ɗin na wata shida ne. Ya juya akwatin a hannunsa, ya ga ba shi da ko tsaga, ya amsa.

Sati biyar aka yi akwatin farko ya yi shiru, batir ɗinsa ya mutu. Kafin wata biyu ya cika, Ɗanlahadi ya zama ɗan hanya. Yau yana Faskari, jibi yana bayan Sabuwa, wani satin Yargoje. An gwada aika batir ga masu tsaron sito su canja da kansu, amma murfin na manne ne da gam, mutum biyu suka fasa nasu da wuƙa, aka hana. Larai ta daina tambayarsa yaushe zai dawo. Sai dai in ya fita ta kasa zama, ta share tsakar gida ta sake sharewa.

Wata Talata yana dawowa daga Mashigi, ƙauye na ƙarshe a layin Sabuwa, da hantsi, ya jiyo ƙarar babura da yawa daga gabansa. Ya kashe nasa, ya tura shi cikin wani kwazazzabo, ya kwanta kusa da shi a ƙarƙashin sabara. Ya ƙirga goma sha huɗu sannan ya daina ƙirgawa. Bai ɗaga kai ba sai da rana ta karkata. Ya iso gida rigarsa duk ƙaya, Larai ta dubi gwiwoyin wandonsa ta gane. Ta ajiye masa ruwa, ta zauna a bakin ƙofa.

"Baban Blessing, masara dai ana sake shuka ta," ta ce. "Ka mayar masu da kayansu."

Ya ce ta ba shi sati ɗaya. Ba don yana son aikin ba, sai don abin ya tsaya masa a rai. Shekara talatin da wani abu yana gyara, bai taɓa mayar da kaya ba tare da ya san abin da ke damunsa ba.

Dama duk batir ɗin da ya ciro yakan rubuta sunan ƙauye da rana a jikinsa da jan farcen Blessing. Ya zazzage su a kan tebur ya jera. Nan take ya ga wani abu. Na cikin buhuna suna daɗewa. Na ƙarƙashin rufi su ne ke mutuwa, kuma a cikinsu ma na ƙauyen da ya fi kusa da gari shi ke riga kowa, na can ƙarshen daji kuwa ya fi su lafiya. Ya ɗauko akwati ɗaya na ajiya, ya ɓamɓare murfin a hankali, ya haɗa tsohuwar mitarsa tsakanin batir da injin, ya zauna yana kallo. Allurar tana kwance. Can sai ta ɗan motsa kamar ta yi numfashi, wato akwatin ya farka ya auna. Nan da nan kuma ta yi tsalle har kusan ƙarshe, ta tsaya, ta faɗo. Ya dubi agogo. Bayan minti goma ta sake. Yini guda ya yi a haka, masu kawo gyara suna ajiyewa suna tafiya.

Da la'asar ya kira Khairiyya. Ya ce mata akwatunan nata ba awo ke cinye su ba, surutu ne. Kowane minti goma sai sun faɗa wa duniya cewa masara lafiya lau, na kusa da gari kuma ga nasa ga na ƙauyuka huɗu da ke bayansa, duk a bakinsa suke bi. Ta ce ta san aika saƙo ya fi cin wuta, an koya musu, amma masu tallafin ne suka ce suna son lamba kowane minti goma don rahotonsu, kuma a takarda lissafin ya nuna zai kai wata shida. Sai ya gaya mata abin da ya faru a hanyar Mashigi. Bai ƙara gishiri ba. Yana gamawa ta tambaye shi:

"Baba, mi ya sa ba ka faɗa mani tun ranar ba?"

"Ga shi na faɗa maki yanzu, ɗiyata."

Ranar kasuwa Khairiyya ta iso da kwamfutarta a cikin jakar goyo. Kwana uku ta yi a gidansu, tana kwana ɗakin Blessing, da safe su tafi rumfa tare. Larai ta karɓe ta da fuska a ɗaure ranar farko, amma da ta ga yarinyar ba ta ko cin abinci sosai don damuwa, sai ta sassauto, har ta dama mata fura.

Dabarar Khairiyya ta farko ita ce a bar akwatunan su ci gaba da awo kowane minti goma, amma su tara lambobin, su yi musu wani dogon lissafi da zai matse su su zama ƙanana, su kuma yi hasashen abin da zai faru, sannan su aika a dunƙule. Ta zuba wa akwatin sabon umarni, suka haɗa mita. Allurar ta daina yawan tsalle, Khairiyya ta yi murmushi. Ɗanlahadi kuwa ya nuna mata da tsinken sukurdireba: allurar ba ta komawa ta kwanta. Ta tsaya a tsakiya tana rawa, akwatin yana ta lissafi, ba ya samun barci. Ya ce da wannan da wancan duk ɗaya ne, wancan ya mutu da magana, wannan zai mutu da tunani. Ta dafe kai ta yi dariya, ta ce to ai shi ke nan, sai a nemi tsakiya.

Tsakiyar ce ta ci musu kwana biyu. Su rage nan, su duba allura, su ƙara can. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa kowane akwati ya farka sau ɗaya a awa, ya auna, ya gwada da awon baya, lissafin da bai fi ƙiftawar ido ba, in ba abin da ya sauya ya koma barci. Na rufi ya tattara na 'yan ɗakinsa ya aika gajeren saƙo ɗaya da safe, ɗaya da yamma, don a san yana raye. Wanda ke kan hanya kuma ya haɗa saƙon na baya da nasa ya tura sau ɗaya, maimakon ya yi ta kai da kawowa. In kuwa zafi ko danshi ya haura iyaka, ba jira, a aika nan take.

Wuri ɗaya suka yi gardama. Khairiyya ta so na rufi ya haɗa awon akwatuna shida ya raba, ya aiko da matsakaici, don saƙon ya ƙara gajarta. Ɗanlahadi ya ƙi. Ya ce ya girma a gidan rumbu, hatsi ba ya ruɓewa gaba ɗaya, daga lungu ɗaya yake farawa, in an gauraya labarin lungun da na sauran biyar masu lafiya zai ɓace. Ta lissafa abin da ƙarin zai ci na batir, ta ga kaɗan ne, ta yarda a riƙa aiko da mafi muni a cikin shidan, da lambar akwatin da ya auno shi.

Saura masu tallafi. Da Khairiyya ta kira su suka ce rahotonsu fa? Alhaji Sanusi ne ya karɓi wayar, cikin ladabi ya ce musu duk lambobin awa-awa suna nan ajiye a cikin akwatunan, duk wanda ke buƙatar su kowane minti goma ga babur, ga hanya. Aka daidaita a kan za a kwaso musu in an je canjin batir.

Zagaye ɗaya ya rage dole, don sai an taɓa kowane akwati an zuba masa sabon umarnin. Wannan karon ba shi kaɗai ya tafi ba. Aka bi ranakun kasuwa, cikin ayarin motoci, sati uku ana yi. Ya kuma yi amfani da tafiyar ya sauya murafan gam da na noti huɗu waɗanda ya yanka daga robar jarka, ya nuna wa kowane mai tsaron sito yadda ake kwancewa. Ya dawo daga na ƙarshe ana saura kwana kaɗan azumi, ya jingine babur a zaure.

Wata guda ya wuce, na biyu ya bi. Abin mamaki, shirun ya fi damunsa da farko. Da can wayarsa ba ta hutawa, yanzu sai safe da yamma, layi goma sha ɗaya, kowane ƙauye da lambobinsa. Yakan farka ya duba, in ɗaya ya makara da minti biyar gabansa ya faɗi. Larai ta ce wanda ya saba da wahala ko an sauke masa kaya sai ya riƙa taɓa kansa. A hankali ya saba. Ya koma gyaran fitilu da wayoyi, ya soma zuwa coci kowace Lahadi ba fashi, har ya karɓi gyaran lasifikar masallacin kasuwa da ya daɗe yana ɗagawa.

Ruwa ya sauka, ya kankama. Cikin watan Agusta aka yi kwana uku ana tafka shi, gadar da ke hanyar Mashigi ta tafi, ga labarin an ga baƙin fuskoki a dajin wajen. Ranar Alhamis da misalin ƙarfe tara na safe, yana cikin liƙa wayar wata fitila, wayarsa ta yi ƙara a lokacin da ba nata ba. Mashigi, akwati na huɗu, danshi ya haura. Bayan awa ɗaya wani saƙon ya sake shigowa, ya ƙara hawa. Ya san inda na huɗu yake, shi ya cusa shi da hannunsa: kusurwar gabas, can ƙasa, inda aka jera irin masara na ƙauyen gaba ɗaya da abincin da ake jira a raba kafin sabuwa ta nuna.

Mashigi ba sabis. Mai tsaron siton, Malam Sha'ibu, dattijo ne mai limancin ƙauyen, kuma sai bayan azahar yake hawa wani dutse a bayan gari inda waya ke kamawa, in ya ga dama, in kuma ba ruwa. Ɗanlahadi ya tura masa saƙo, ya kira wani ɗan baffansa a Sabuwa ko akwai mai shiga, aka ce ba mai shiga yau. Ya dubi babur. Ya tashi har ya ɗauko makulli, sai ya ga Larai tsaye da kwanon abincinsa, ta kawo masa rumfa. Ya mayar da makullin aljihu ya zauna. Ta zauna a bencin masu jiran gyara, abincin yana hucewa a tsakaninsu.

Ƙarfe biyu da rabi waya ta yi ƙara. Muryar Malam Sha'ibu tana yankewa saboda iska. Bayan gaisuwa ya ce ya ga saƙo, amma shi da safen nan ya leƙa sito, rufi ko ɗigo babu, ƙila na'urar ce ta ruɗe.

"Malam, ba sama za ka duba ba," Ɗanlahadi ya ce. "Kusurwar gabas, ku ɗaga buhunan har ƙasa. Don Allah yanzu, kada a bari sai gobe."

Dattijon ya ce to, ba don ya gamsu ba. Sai kuma jira. Larai ta koma gida ta dawo. Da la'asar sakaliya waya ta sake ƙara, Malam Sha'ibu yana haki, ya sake hawo dutsen. Ya ce gara ce ta yi hanya ta ƙarƙashin bango, ruwan bayan sito ya biyo ta, yana tsattsafowa ta daɓe ba wanda ya gani. Buhu uku na ƙasa sun jiƙe, ɗaya har ya fara ɗumi. Sun tara matasa sun kwashe buhu arba'in da ɗaya zuwa zauren mai gari, an baza jiƙaƙƙun a kan tabarmi, an toshe ramin. Irin bai taɓu ba. Ya yi ta sa albarka, har ya ce a gaida yarinyar nan injiniya, a ce mata ya janye maganar da ya yi cewa akwatunan kayan wasa ne.

Ɗanlahadi ya ajiye wayar a kan tebur. Sai a lokacin ya ji yunwa. Ya jawo kwanon, tuwon ya sandare, ya ci abinsa tas, Larai tana kallonsa tana 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Da ya kira Khairiyya ya ba ta labari, ta yi ta maimaita alhamdu lillahi, sannan ta tambaye shi ƙarfin batir ɗin Mashigi. Ya duba saƙon yamma da ya shigo, ya ce mata ya fi rabi.

Batir na farko bai nemi canji ba sai bayan wata goma sha ɗaya, na wani ƙauye kusa da Faskari. Ɗanlahadi ya naɗe sabo a leda ya ba direban motar kasuwa, mai tsaron siton ya kwance noti huɗu ya saka da kansa, da yamma layin ƙauyen ya fito a waya kamar kullum. Ba duka abin ya tafi sumul ba. Ɗaya daga cikin na Yargoje ɓera ya cinye wayar eriyarsa, aka yi sati biyu ba labari kafin a gano, wani ƙauyen kuma mutanensa suka tashi gaba ɗaya, aka kwaso buhuna da akwatunan aka dawo da su gari. Suna nan cikin kwali a ƙarƙashin teburinsa, yana jiran ranar da za a ce a mayar.

Yanzu Khairiyya tana wani aikin a Katsina, na rijiyoyin burtsatse, kuma duk sabon akwatin da za ta kai daji sai ta fara aiko masa da ɗaya ya gwada ya faɗi ra'ayinsa. Ta so ta sa sunansa a wata takarda da ta rubuta a kan aikin, ya ce ta sa in tana so, amma ta rubuta shi daidai, da ƙugiyar harafinsa na farko. Bara Blessing ta gama sakandare ta samu makarantar koyon aikin jinya a Funtuwa, shi ya raka ta a motar haya, ya nuna mata layin da ya yi koyon aiki, wanda yanzu duk shagunan masu sayar da waya ne. Suka sha rake a bakin titi, ya sa ta a hanyar makaranta, ya kamo motar azahar ya dawo gida tun rana ba ta faɗi ba.